Ranar da Na Kai Ɗan Yayana Wajen Mai Unguwa

Yayana bai ɓoye ba, ya tashi daga Ƙofar Marusa ya koma GRA ne don kada ɗansa ya ɗauko halin 'yan unguwa. Ya sa shi makarantar kuɗi, irin wadda ko "sannu" ka ce da Hausa sai an kai ka ofis. Yaron ya fito da Turanci zar. Ni kaina in ya gaishe ni, sai na gyara zama.

Shekara ɗaya suka zana jarrabawar shiga jami'a da ɗiyata, wadda ta yi makarantar gwamnati, su ɗari da wani abu a aji. Dukansu likitanci suke so, makinsu kuma kusan ɗaya, abin da Yaya ya ce lallai kuskuren na'ura ne. Makin bai kai na zaƙaƙurai ba, sai dai a nemi gurbi a ɗan kason da ake ware wa 'yan asalin gari, gurbin kuma sai da takardar shaida, takardar kuma sai mai unguwa ya ce ya san gidanku.

Ɗiyata tuni ta karɓi tata, saura yaron. Nan fa aka tuna da ni.

Na kai shi zauren mai unguwa. Ni na cire takalmi na durƙusa, gogan naka ya miƙa wa tsoho hannu daga tsaye. Mai unguwa ya dubi hannun, ya dube ni, sannan ya tambayi yaron ɗan wane gida ne. Ya faɗi lambar gidansu da sunan titi. Aka tambaye shi sunan kakansa, ya waiwayo yana kallona. Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushi, amma jini jini ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jikan maƙerin bakin masallaci ne. Ni na tsaya mai."

Tsoho ya yi wa mahaifinmu addu'a, ya sa hannu.

Da sunaye suka fito, nasa na ciki, na ɗiyata babu. Ba zan ce gurbinta ya ci ba, Allah kaɗai ya sani. Da yamma Yaya ya zo har ƙofar gida, bai ma kashe mota ba. Ya ce ai makaranta mai kyau ba ta ƙarya, in gaya wa yarinyar ta ƙara ƙoƙari baɗi.

Tana tsaye a bayan ƙyaure, ta ji.