Gurguwar Mage da Kwandon Gwaggo

Abin da na fara gani da tasi ta tsaya a ƙofar gidan shi ne kwando yana saukowa daga sama. Kwandon saƙa ne, ɗaure da igiyar shanya, yana lilo yana wuce baranda ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya daidai kan wani mai gurasa. Mutumin ya zuba gurasa, ya ɗan ja igiyar sau biyu, kwando ya kama hanyar komawa. Na bi shi da ido har hawa na huɗu. A can na ga fuskar Gwaggo, tana jan igiya da hannu ɗaya, tana ɗago min ɗayan.

Shekarata goma sha uku a lokacin. Gwaggo ƙanwar babana ce. Mijinta, wanda kowa ke kira Malam, yana karatun fiƙihu a Alƙahira, suna haya a unguwar Abbasiya. Sun shekara tara da aure, ta yi ɓari sau biyu, gidan ya yi mata faɗi, shi ne ta roƙi Baba ya ba ta ni in yi makaranta a wurinta.

Maguna uku na tarar a gidan. Wasu 'yan Damagaram da suka gama karatu ne suka bar su, Gwaggo ta gaje su tare da labule da tukunyar gas. Biyu farare ne, ƙatti, ba sa kula kowa sai sun ji ƙarar buɗe firij. Ta ukun ja ce, kalar ɓawon lemo, ƙafarta ta baya ta hagu a shanye. Idan tana tafiya a kan tayil sai ka ji taku uku, sannan ɗan ja. Ba ta iya tsalle. Duk abin da ya fi tsayin gwiwa ya fi ƙarfinta, don haka a kan jakar makarantata take kwanciya, tunda a ƙasa nake ajiye ta.

Makaranta ta yi min wuya. Na zo da Larabcin Islamiyya, na tarar da wani Larabcin daban, mai gudu, wanda ake cinye rabin kalma. Ranar farko na gaida malama yadda aka koya mana a gida, aji ya fashe da dariya. Daga ranar na kulle bakina. Amma kunnena a buɗe yake. Ina jin yadda 'yan mata ke faɗa, yadda ake ciniki, yadda matar bawab, wato mai gadin gidanmu, ke ƙwala wa 'ya'yanta kira. In na dawo sai in rufe ƙofar ɗakina, in maimaita wa gurguwar duk abin da na ji. Ita kaɗai ta san na fara iyawa. Gwaggo kuwa, in baƙi suka yi min magana, ita ke amsawa.

"Ku bar min ɗiyata, ba ta ji tukuna. Sai 'tamam' da 'khalas', su ma sai an matsa mata."

Wata biyar da zuwana Gwaggo ta samu ciki. Ba a faɗa min ba. Na lura ta daina shan shayi da safe, Malam kuma ya fara hana ta ɗaga bokiti. Da magana ta fito, matan ɗalibai suka riƙa zuwa. Wata daga cikinsu, mai yawan ba da shawara, ta ga farar mage a kan kujera ta riƙe haɓa.

"Ke yanzu da waɗannan kike zaune? Gashinsu fa shi ne ke zubar da ciki. Wa ya sani ko na baya ma su ne."

Likita ta ce abin da za a kiyaye kawai shi ne kada Gwaggo ta taɓa yashin da suke kashi a ciki. Amma maganar matar nan ta riga ta zauna. Cikin mako guda aka sauke fararen biyu hawa na biyu, wurin wata 'yar Sudan da ke son su tun da daɗewa. Gurguwar ba wanda ya so.

A kicin na sami Gwaggo tana yanka kuɓewa. Na tsaya a bakin ƙofa ina murza gefen hijabina, na kasa farawa.

"Faɗi mana, ko sai na kira mai fassara?"

Na ce ta bar min gurguwar. Na ce ni zan riƙa kwashe yashi, ba za ta fito falo ba, ba za ta shiga kicin ba.

Ta ajiye wuƙa ta kalle ni. "In kin riƙe naki, zan riƙe nawa. Wallahi ba mai taɓa miki ita."

Na riƙe nawa. Kullum bayan sallar asuba nake kwashe yashi, in ɗaure a leda, in sauka da shi da kaina. Ina wanke ƙasan ɗakina da sabulu. Ina kakkaɓe kayan makarantata a bakin ƙofa, in bi su da jiƙaƙƙen hannu saboda gashi, kafin in fito falo. Gurguwar ta koyi iyakarta: ɗakina da ƙaramar barandar baya inda muke shanya. Babbar barandar gaba, inda kwando ke rataye a ƙusa, ba ta sake taka ta ba.

A wata na shida Gwaggo ta ga ɗan jini. Aka kwantar da ita mako guda a gida, ba ta tashi sai in za ta yi alwala. Waya ta riƙa shigowa daga Najeriya. In uwar Malam ce ta kira, Gwaggo sai ta juya fuskarta bango, ta riƙa cewa "to, to, insha Allahu." Jinin ya tsaya. Kowa ya yi hamdala.

Ranar da muka yi jarabawar lissafi na dawo da wuri. Na buɗe ɗakina, na ajiye jaka a ƙasa, na jira in ji taku uku da ja. Shiru. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan injin wanki, na duba cikin kwabar kaya.

Gwaggo ta fito tana dafe da ƙugu. Ta ce mai gas ne ya zo canza tukunya, ya bar ƙofa a buɗe, ita kuma ta buɗe ɗakina don ya sha iska, ta manta. "Ta gudu, ɗiyata. Ma'alish, yi haƙuri. Ɗauko hijabinki mu duba."

Mako biyu muka yi muna nema. Kullum bayan la'asar Gwaggo ke saukowa hawa huɗu da cikinta, tana hutawa a kowane hawa, hannunta a kafaɗata. Muka duba ƙarƙashin motoci. Muka duba bayan masallaci, da wurin bola, da gefen shagon mai abincin koshari inda maguna ke taruwa. Tana kira "bis, bis, bis" yadda 'yan Masar ke yi, tana buga cokali a gwangwanin kifi. Ta tambayi mai guga, ta tambayi mai sayar da jarida. In na fara kuka a titi sai ta rufe min fuska da mayafinta don kada a kalle ni. A kwanakin nan ban taɓa son wani mutum kamar yadda na so Gwaggo ba. Har na rubuta wa Umma cewa ko ita ba za ta yi min abin da Gwaggo ke yi ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da idona ya gani, zuciyata ta ƙi haɗa su. Tsohon tawul ɗina mai zanen fure, wanda gurguwar ke kwanciya a kai, ya ɓata rana ɗaya da ita. Tukunyar gas ɗin da ke kicin tana da ɗigon fenti rawaya kusa da wuya, kuma na san ɗigon nan tun watan jiya. Sai wata safiya Gwaggo ta ce in sauke kwando mai tumatir yana ƙasa. Da na jawo shi, na ga gashi ja maƙale a cikin saƙar, daga ciki, ta gefe ɗaya, da yawa, kamar an goga jiki da ƙarfi a wurin. Na tsince shi na dunƙule a hannuna. Na ce wa kaina wataƙila iska ce ta kawo.

Ranar Alhamis matar bawab ke wanke matakala. Da ta iso hawanmu ta ƙwanƙwasa a ƙara mata ruwa. Ina falo a kan tabarma ina aikin gida, ƙofa a buɗe, tsakanina da su bai fi taku biyar ba. Da Larabci suke magana.

"Yarinyar har yanzu tana kuka?" in ji matar. "Haram wallahi. Ki ce mata ta kwantar da hankali, maigidana wurin masu kifi ya ajiye ta, a kasuwar da ke kusa da gidan ƙaninsa a unguwar Faisal, ƙetaren kogi. Can ai sai ta yi ƙiba. Sai dai ta yakushe shi tun a cikin kwandon, har yanzu hannunsa bai warke ba."

"Yi a hankali," in ji Gwaggo.

"Ba ga ta can ba?" in ji matar, tana nuna ni da haɓa.

Gwaggo ta waiwayo. Ban ɗago kai ba, ina ta jan layi da rula a kan layin da na riga na ja.

"Ba komai," ta ce. "Ba ta ji."

Daga baya na gane dalilin kwandon. Da an bi ta matakala, sai an wuce ƙofar 'yar Sudan, wadda take a buɗe duk yini, kuma da ta faɗa min. Sai aka naɗe ta a tawul ɗina, aka sauke ta ta baranda kamar yadda ake sauke leda, hawa huɗu a kan igiyar shanya, ita da ko kan kujera ba ta iya hawa. Wannan ne na fi tunawa. Sai kuma cokalin nan da Gwaggo ke bugawa a gwangwani a bayan masallaci, alhali ta san magen tana can ƙetaren kogi.

Ban san yadda ake faɗa wa babba irin wannan maganar ba. Na ci gaba da yi mata tausa a ƙafa, na ci gaba da dafa mata ruwan zafi. Abu ɗaya na daina, shi ne taɓa kwandon. In aka aike ni gurasa sai in sauka da ƙafata in hawo. Malam ya ce madalla, motsa jiki ne. Gashin kuwa na sa shi a cikin littafin lissafi, a shafin da ba ma zuwa.

Gwaggo ta haihu lafiya, mace, mai yatsu dogaye irin na Baba. Na so ta tun ranar farko, har na ji haushin kaina. Ranar suna falo ya cika da mata, ina raba zoɓo, sai na ji matar nan mai shawara tana tambaya ina magunan.

"Biyu mun bayar," in ji Gwaggo. "Ɗayar kuwa guduwa ta yi. Ɗiyata ta sha kuka, sai da muka karaɗe Abbasiya kaf."

Mata suka ce ayya, Allah ya saka mata da alheri, da cikinta da komai.

Bayan kwana uku da suna, da hantsi, baƙi sun watse, Malam ya tafi jami'a. Gwaggo na zaune a kan gado tana shayar da jaririya. Mai gurasa ya yi kira daga titi.

"Yalla, ɗiyata, sauke masa kwando kada ya wuce."

Na nufi ƙofar fita.

"Ke, wai me ya haɗa ki da kwandon nan ne? Wata uku kenan ina lura da ke. Ko aljani kika gani a ciki?"

Na tsaya riƙe da hannun ƙofa. Da Larabcin Masar na amsa mata, irin na matar bawab, kalma bayan kalma, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na ce wurin masu kifi aka ajiye ta, a Faisal, kuma ta yakushe shi tun a cikin kwandon.

Gwaggo ta daina jijjiga ƙafa. Jaririyar ta saki nono ta fara ƙananan kuka, ba ta mayar mata ba sai da aka jima.

"Tun yaushe kike ji?"

"Tun kafin ki rantse."

Ta sunkuyar da kai tana gyara zanen goyo da bai buƙaci gyara ba. Ta ce tsoro ta ji. Ta ce ban san abin da ake nufi da a ga jini a wata na shida ba, kuma ba ta fata in sani. Ta ce ta yi kaffarar rantsuwar. Ta ce wata uku ya wuce, magen titi kuma ba a sanin inda take kwana, balle mai ƙafa uku.

Duk na ji, kuma na san akwai gaskiya a ciki. Mai gurasa ya sake kira, sannan muryarsa ta yi nisa.

Na ce, "Gwaggo, kin raka ni duk wuraren da kika san ba ta nan. Don Allah in kin yi arba'in, ki raka ni Faisal wurin masu kifin."