Ranar da Kawu Ya Sallama Kujerar Yayana

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, na bi yayana da kawuna zuwa wani ɗakin taro a nan Daura. Abin da idona ya fara sauka a kai tuta ce. Ta ƙungiyar yayana da na sani koriya ce mai hoton bajimin sa, domin ni na taya ɗaura mata igiya a tsakar gidanmu. Wannan kuwa ruwan ɗorawa ce, da hoton tirela. Sunan Daura dai yana nan. Na gani na raɓe bayan Yaya, don a lokacin ko a aji aka kira sunana ɓoye fuska nake yi.

Yayana gwanin wasan ƙwallon bidiyo ne. Saboda wasan ya bar shagon da yake jira a Kongolam, mahaifinmu kuwa ya gindaya masa sharaɗi: idan abin bai zama sana'a ba a wannan shekarar, gonarmu ta Sandamu tana jiransa, kuma an rufe zancen wasa ke nan.

Wani kamfani ne daga Kano ya kafa gasar garuruwa. Tsarinsu ba irin na ƙwallon fili ba ne, inda wanda ya ci yake hawa, wanda ya sha kashi ya sauka. Kowane gari kujera ɗaya gare shi. Mai hali ya saye ta, ya zuba 'yan wasan da ya ga dama, a riƙa raba ribar talla da shi. Kawuna, wanda fataucin shanu ne sana'arsa, shi ya sayi ta Daura. Ya kama wa Yaya da abokansa ɗaki, ya sa janareta, har fura yake aika musu. Suka yi ta cin wasannin gwaji, sunan ƙungiyar ya fita.

Ranar buɗe gasa, mai tsaron dandamali ya tare Yaya da hannu. Na leƙa, sai ga samari baƙi a kujerun, rigunansu ruwan ɗorawa, ko layin ninki bai bar su ba.

Kawu ya yi dariya. "Af, na manta ban gaya muku ba. Ranar kasuwa na sallama wa wani Alhaji mai motocin kaya kujerar. Abu ya yi ƙiba, farashi ya hau, me zan jira? Ku hau abinku, ai tare da ku na sayar."

Yaya ya ce, "Kawu, ka sayar da mu?"

"Kai, rufa mini baki. Gida kawai kuka canza."

Ana haka sai ga Alhajin da dillalin da ya haɗa su. Aka gaisa. Kawu ya nuna su Yaya, ya ce ga yaransa nan ya kawo.

Alhaji ya ce, "Waɗanne yara, Malam? Ni kujera na saya. Ga nawa can, daga Kano na ɗauko su."

"Haba Alhaji! Ni idan na sayar da saniya mai shayarwa, ai da ɗan maraƙinta take tafiya."

"Ka ambaci yara a cinikin?"

Kawu ya juya wajen dillali. Dillali ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Bakinsa a buɗe, carbinsa ya tsaya a tsakanin yatsu. A wajen masu fataucin shanu, idan ka ce ka sallama a gaban shaidu, magana ta ƙare, kuma shi bai taɓa janye tasa ba. Ya dube ni, da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ya ce a hankali, "Uwata, na yi ɓarna."

Ni kuwa hannun Yaya nake kallo. Yana riƙe da abin da yake dannawa idan yana wasa, wanda robarsa ta cinye har na naɗa masa zare. Fuskarsa ba ta motsi, amma babban yatsansa yana ta juyawa a kai, kamar an riga an fara wasan. Na hango shi da fartanya a Sandamu.

A ranar na gane cewa a irin wannan gasa, mutum zai iya cin kowane wasa, kujerar da yake zaune a kai kuma ta wani ce. Kawu bai ƙara sayen abin da ba ya iya buɗe bakinsa ya duba haƙora ba.

Yaya dai bai je Sandamu ba. Da rigar ruwan ɗorawa ya buga wannan shekarar, bayan ya lallasa gwanin Alhaji a gaban jama'a kafin a buɗe taro. A gida har gobe ba a yarda ni ce sila ba, domin ko ni ban san lokacin da na durƙusa gaban Alhaji ba, na ce:

"Baba Alhaji, don Allah ka zaɓi wanda ya fi iyawa a cikin yaranka, ka bari su buga wasa ɗaya da yayana."