Abu Homran na Unguwar Zahir

A unguwar Zahir, can ƙasa mai tsarki, in ka nemi Abdulwasi'u sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce Abu Homran, har mai gashin burodin bakin titi zai nuna maka gidan. Sunan ya samo asali ne daga ƙwallo guda tak da ya buga shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a wani wasa da ba wanda ya taɓa gani a unguwar. Suna kiransa da sunan, amma ba wanda ya yarda ya buga ta, kuma wannan abu yana ci masa rai fiye da ciwon gwiwarsa.

Haifaffen unguwar Jarwal ne, nan cikin birnin. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, da ya sauke farali sai ya ce ya gaji, ya zauna. Jikan kuwa ƙafarsa ba ta san gajiya ba. Tun yana ɗan shekara sha biyar ya kama turin arabiyya, keken nan da ake ɗora tsofaffin alhazai a yi musu ɗawafi da Safa da Marwa. A wannan sana'a, mai tsayawa bayan mutane ba ya ganin alhaji na biyu. Saboda haka ya ƙware wajen ratsa taro. Da ya hango 'yar kafa tsakanin kafaɗa da kafaɗa sai ya daka tsawa, "Ɗarig ya hajj! Ɗarig!" wato a ba da hanya, kafin mutum ya waiga ya wuce. Abin ya bi jikinsa. Ko rakiyar gawa aka tafi sai an riƙe masa riga, in ba haka ba zai riga mamacin isa maƙabarta.

Yana da shekara talatin da 'yan kai ya tafi aikin sito a sansanin wani kamfani can gabashin ƙasar, ya yi shekara biyu. A nan ya ga besbol. Injiniyoyin kamfanin, Turawa da Filifinawa, suna da fili mai matasai uku da wani farin faifai da suke kira gida. A jefo maka ƙwallo, ka make ta da kulki, ka ruga ka taka matasan ɗaya bayan ɗaya ka dawo gida, a rubuta muku ci ɗaya. In kuwa ka make ta ta tsallake katanga, shi ne homran: kai da duk wanda ke kan matashi ku taho gida a tsanake.

Ga yadda Abdulwasi'u ke ba da labarin, kullum bayan La'asar, a ƙofar shagon Mukhtaru mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ranar bikin shekara aka haɗa injiniyoyi da ƙananan ma'aikata, su masu girki da direbobi da 'yan sito. An kai turmi na tara, na ƙarshe. Injiniyoyi suna gaba da ci ɗaya. An fitar da mutum biyu, saura ɗaya wasa ya tashi. A kan matashin farko akwai Dawuda, kukun sansanin, mutumin Maraɗi. Sai aka miƙa wa Abdulwasi'u kulki.

"Ta farko na kai duka, iska. Ta biyu, iska. Baturen da ke jefo mini har yana dariya. Ta uku, ya jama'a, na ce bismillah, ƙwal! Ta tashi, ta tashi, ta wuce katanga, ta wuce motar ruwa. Halas, shi ke nan!"

Daga nan sai ya tafa hannu, ya miƙa kofi a ƙara masa shayi. A nan labarin ke ƙarewa, shekara talatin da ɗaya, bai taɓa ƙara taku ɗaya ba.

"Ya sheikh, ka ji tsoron Allah," in ji Mukhtaru. "Kai da ƙuda ma ba ka samunsa da mafici."

A gida ma ba sauƙi. Matarsa Batulu ta ce lokacin da aka kawo ta amarya, ƙwallon katanga kawai take tsallakewa, motar ruwa daga baya ta shigo, kuma tana jiran ranar da za ta faɗa Bahar Maliya.

Ana nan sai ga waya daga baƙuwar lamba. Muryar wani tsoho ta ce, "Abdu mai sito? Dawuda na, kuku. Na taho Umra, ina masauki nan Jarwal. An ce mini wai kai ne Abu Homran yanzu?" Sai ya fashe da wata irin dariya har da tari.

Abdulwasi'u ya ajiye waya ya dafe kai. Shekara talatin yana roƙon Allah ya kawo masa shaida, ya manta bai ce wane iri ba. Domin ƙwallon kam ta tsallake katanga, wannan gaskiya ne. Abin da ya biyo baya ne yake haɗiyewa da shayi.

Dawuda a lokacin mutum ne mai jiki, kuma ba ya gudu sai dai ya yi niyya. Da ƙwallon ta fita, ya kama hanya yana rangaji, yana ɗaga wa jama'a hannu, don tun da aka fara wasan nan da shi bai taɓa isa gida ba, yau ce ranarsa. Abdulwasi'u kuwa ya yar da kulki ya zuba a guje. Ya taka matashin farko, ya taka na biyu, ya taka na uku, sai ga faffaɗan bayan Dawuda ya tare hanya, saura taku biyar ya isa gida. Kai bai yi shawara ba, ƙafa ce ta yanke hukunci. Ya daka tsawa, "Ɗarig ya hajj!" ya goce ta dama, ya wuce shi, ya dira a kan faifan da ƙafa biyu. A besbol kuwa, wanda ya wuce na gabansa ya fita. Shi ne mutum na uku, wasa ya tashi a daidai wurin da ya wuce Dawuda. Ba a rubuta cinsa ba, ba a rubuta na Dawuda ba. Injiniyoyi suka ci da ɗaya, wasunsu har suna kwanciya a ƙasa don dariya.

Ya tarar da Dawuda a masauki ya rame, ƙafafu sun kumbura, da ƙyar yake taku goma. Suka rungume juna, suka gaisa, aka tambayi iyali. Sannan Dawuda ya kalle shi ta wutsiyar ido.

"Ka hwaɗa musu ƙarshen labarin?"

"Ya akhi, labari ai ba dole sai an kai ƙarshe ba."

"To ni zan kai musu. Gobe bayan La'asar ka kai ni majalisar taku."

"Ma'alesh, yi haƙuri, Dawuda. Me kake so ka rufa mini asiri?"

"Ka ga ƙahwata. Yaran ga masu turi gudu suke da mutum kamar sun sato shi. Kai za ka tura ni."

Rabon Abdulwasi'u da turi shekara goma sha biyu. Amma washegari da hantsi ya zaro tsohuwar arabiyyarsa daga bayan firji, Batulu tana kallonsa, ya share ƙura, ya ɗora Dawuda da haraminsa, suka hau benen masallaci inda masu keke ke ɗawafi. Zagaye bakwai. Samarin masu turi suna ta wucewa suna ɗarig, ɗarig, ga kafa nan a buɗe ko'ina, ƙafarsa sai ƙaiƙayi take. Da ya ɗan ƙara sauri sai Dawuda ya ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ya katse addu'a ba, shi kuma ya koma tafiyar hawainiya. A Safa da Marwa, da suka zo koriyar fitila inda maza ke sassarfa, Dawuda ya ce, "To nan an yarda ka yi gudu, amma ka tahi da ni."

A sawu na bakwai, saura kaɗan su kai Marwa, Dawuda ya ce a tsaya. Ya dafa hannun keken ya miƙe. Ya yi taku biyar da ƙafarsa, yana rangaji kamar wancan lokacin, Abdulwasi'u na biye da shi da keke ba kowa a ciki. Da ya isa ya juyo, fuskarsa sharkaf da hawaye, ya ce, "Ka gani? Biyar ɗin ga kaɗai suka rage mini." Abdulwasi'u ya ji kunya ta rufe shi. Shekara talatin da ɗaya yana jin haushin abin da aka hana shi, bai taɓa tsayawa ya tuna abin da shi ya hana wani ba.

Da La'asar majalisa ta cika, don labari ya bazu cewa shaida ya zo. Mukhtaru da kansa ya ba baƙo kujera mai hannu.

"Alhaji, tsakani da Allah, mutumin nan ya buga ƙwallon?"

Dawuda ya kurɓi shayi. "Da idona na gani. Ni ban taɓa jin ƙara irin ta ba. Katanga ta wuce, motar ruwa ta wuce, sai a tukunyar shinkahwata aka tsamo ta, bayan kicin."

Abdulwasi'u kansa bai san da zancen tukunya ba.

"To," in ji Mukhtaru, murya ta yi sanyi, "ke nan kun ci wasan."

Dawuda ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. An biya shi da turi da safe, ya riƙe alkawari. Abdulwasi'u yana iya tafa hannu ya ce halas, yadda ya saba, a tashi a haka har abada. Ya kalli kumburarrun ƙafafun Dawuda a cikin silifa.

"An cinye mu," in ji shi. "Ni na jawo." Ya ba su sauran labarin, har da tsawar, har da dirar ƙafa biyu.

Mukhtaru ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Kafin Magariba labari ya kai wa Batulu, ta ce yanzu kam ta yarda, wannan mijinta ne, don ranar da aka kawo ta ma ya riga 'yan rakiyar ango shiga gida.

Dawuda ya koma Maraɗi bayan sati. A Zahir kuwa sunan Abu Homran ya faɗi, yanzu Abu Ɗarig ake kiransa, kuma abin yana yi masa ciwo, ba ya ɓoyewa. Har yau ana sa shi ba da labarin bayan La'asar, sai dai yana fara ta farko iska, ta biyu iska, ake katse shi: "Yalla, bar ƙwallon nan, kai mu wajen Dawuda." Shi kuwa ba ya yarda. Sai ya kai ta katanga, ya kai ta motar ruwa, ya saka ta a tukunya.

Kwanan baya wani sabon maƙwabci, Sabitu, ya ji labarin karo na farko, ya taɓe baki ya ce anya tsohon nan zai iya buga ƙwallo ta tsallake katanga. Kafin Abdulwasi'u ya buɗe baki, Mukhtaru ya ajiye sukundireba ya juyo.

"Kai, yi mana shiru. Ya buga ta. Muna da shaida."