Man Kircina a Fuskar Jikata

Shekarar da kirci ya cinye mini bayan hannu, sai da na yi ta susa har jini kafin na yarda aka kai ni asibiti a Sabon Gari. Likitar 'yar wajen Zariya ce, Kirista, Hausarta ta fi ta jikokina. Ta ba ni man shafawa a ɗan bututu, ta kama yatsana tana gwada mini.

"Mama, ki matsa daga nan zuwa gaɓar farko, ya ishi bayan hannu biyu. Safe da yamma, sati biyu, ki tsaya. Ban da fuska. Kuma kada ki ba kowa aro."

Na ce mata a Fagge ko turmi aronsa ake yi, balle magani. Ta ce to wannan ba turmi ba ne.

Ban yi boko ba, amma ina da ido. Kullum na shafa sai in naɗe gindin bututun in ga inda ya tsaya. Kirci ya kwanta, na jefa ragowar a kwalla. Bayan wata biyu na tarar naɗin ya ƙaru, ni kuwa ban taɓa ba. A daidai nan fuskar jikata, wadda ke zaune wurina tana zuwa kwaleji, ta yi haske, wuya na nan baƙi ƙirin.

Na ce, "Ke, wa ya wanke ki?"

"Hutu ne, Hajiya."

"Hutun a fuska ya tsaya? Kunnuwanki ba a raba da su ba?"

Ta ce ni dai tsohuwa ce mai sa ido. Na ce da shi na kawo yau.

Tana fita na zazzage jakarta. Bututu biyu irin nawa, ashe kasuwa ta kai nawan aka ba ta 'yan uwansa. Na haɗa duka na watsa a masai, ina jin kaina gwana.

Kwana huɗu fuskar ta yi jawur, ƙuraje ko'ina, tana cewa kamar an goga mata barkono. Ta daina fita. Na ja ta sai wurin likitar nan, ina jiran a yi mata faɗa in ji daɗi. An yi mata kuwa: man yana cinye fatar fuska, ta yi siriri. Sai likita ta juyo kaina.

"Mama, ke ma da naki. Fatar da ta saba da shi ba a yanke mata rana ɗaya. Yaye ta ake yi, kamar yaro. Da kin kawo ta tun farko."

Ni da na yaye 'ya'ya bakwai.

Likita ta sauya mata wani man marar ƙarfi, ana ragewa a hankali, ni ke matsa mata a yatsa. Sai da damina ta wuce fuskar ta koma daidai da wuyan. Tabo ɗaya ya rage a kumatun hagu. Jikar ta ce tabon nawa ne, ni na jawo shi. Na ce mu raba.