Dogo da Motar Tsofaffi

Dogo ake ce masa tun yana yaron mota, har ya yi furfura sunan bai sake shi ba. Ƙarfinsa duk a bayan sitiyari ya ƙare, yana jigilar ma'aikatan wani kamfanin saƙa safe da yamma. An san shi da abu ɗaya: ba ya kauce hanya. Inda ya bi jiya nan zai bi yau, ko da an ce masa ana rabon zinariya a layi na gaba.

Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi. Ya kwance famfon da bai lalace ba, ya sauya wa kujeru wuri, har ya fara leƙa tukunya. Ran nan matarsa ta ajiye ludayi ta ce, "Maigida, ko ka nemi abin yi, ko ni in nemi inda zan riƙa wuni."

Mijin 'yarsa ne ya ba shi labarin wata ƙungiya mai kula da tsofaffi. Suna da zaure inda ake auna musu jini, a ba su shayi, su sha hira. Suna da tsohuwar bas da wani ya ba su kyauta, direba ne babu. Aikin sa kai ne, ba albashi. Washegari Dogo ya karɓi makulli.

Aikin ya karɓe shi. Ya sa kafinta ya ƙera masa 'yar matakala ta katako saboda masu ciwon gwiwa. Ya gane wanda ake riƙe wa hannu, da wanda in ka riƙe shi ka zage shi. Ya haƙura da wani tsohon ɗan sanda da ke zama a gaba yana koya masa tuƙi.

A bayansa, jikin taga, nan ne mazaunin Gwaggo Tela, 'yar ƙaramar tsohuwa mai gilashi mai kauri, wadda ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki. Ranar farko ta dubi rigarsa ta ce, "Ɗana, wa ya ɗinka maka maɓallin nan? Gaba kuke yi da shi?" Sai da ta sa ya kawo mata rigar ta gyara.

A gidan ɗanta take zaune, a bene, can ƙarshen gari. Kullum in sun zo shataletalen tashar jirgin ƙasa sai ta dafa kafaɗarsa.

"Ka karya dama mana. Bayan tashar nan gidanmu na dā yake, nan na haifi 'ya'yana, nan shagona. In leƙa ta taga kawai, ba sai na sauka ba."

"Wata rana, Gwaggo. Yau mun makara."

Ba ƙarya yake yi ba. Akwai mai ciwon suga da ba ya son yunwa, akwai dattijon da ba ya iya riƙe fitsari. Amma akwai ranakun da motar ba kowa sai su biyu, hanya a buɗe, kuma ya miƙe abinsa, don hannunsa bai saba da wannan kwanar ba. Ita kuwa ba ta taɓa fushi ba. Sai ta ce, "To, Allah ya kai mu," ta janye hannunta.

Sai aka wayi gari ba ta sauko ba. Mako ya bi mako. Da ya gaji da danna ham a ƙofar benen, ya hau ya yi sallama. Surukarta ta tare shi a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, idon ne. Dama ɗaya ya daɗe da tafiya, ɗayan ma yanzu ya bi shi. Likita ya ce ba abin yi."

Dogo ya tsaya riƙe da ƙarfen bene. Bai taɓa sanin da ido ɗaya take kallon titi ba.

Ranar da ba aiki ya ari motar mijin 'yarsa, ya je ya ɗauko ta. Ya karya dama a shataletalen. Layin ma ba shi da wani nisa, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Gidan yana nan. Shagon ya koma wurin gyaran waya.

"Mun iso, Gwaggo."

"To, gaya mini. Me ka gani?"

Dogo mutum ne mai kallon kwalta da madubi, ba gwanin bayani ba. Ya ce akwai ƙofa, akwai taga biyu, wata mata tana shanya a sama.

"Ƙofar wane launi?"

"Kamar shuɗi. Ko kore ne ya koɗe."

"Bishiyar lemon fa? Ni na dasa ta."

Ya duba. Akwai wata bishiya da ta leƙo ta saman katanga, amma bai san ganyen lemo da na wani abu ba. Ya ce, "Tana nan."

Ta nemi ya sauko da ita. Ya riƙe gwiwar hannunta har jikin bango. Ta shafa siminti, ta lalubi bakin taga, ta daɗe tsaye tana sauraron hayaniyar layin. Can ta ce, "An ɗaga dakalin. Mu tafi, ɗana. Ka kyauta."

Da ta yi masa faɗa, da ya fi samun sauƙi. Ya mayar da ita gida.

Gwaggo Tela ba ta koma zauren ba, ta ce hawa da saukar benen ya fi ƙarfinta. Dogo yakan leƙa ta jefi-jefi, su taɓa hira, ba ta sake tayar da zancen gidan ba.

Har yanzu yana jan motar, ko da yake shi ma gwiwa ta fara yi masa gardama. In an tashi daga zaure yakan juyo ya tambayi fasinjojinsa ko akwai mai son a bi da shi ta wani wuri. Yawancinsu sai su dube shi da mamaki, su ce sun gaji, a kai su gida.