Ranar da Motar Gildas Ta Mutu a Kwanarmu

Gildas Fouqueray ɗan ƙauyenmu ne, Arnage, kuma tun yana ɗan makaranta kowa ya san tuƙi zai ci. Ubansu yana da gareji a bakin titi. Da tsohon ya rasu, yayarsa Maryvonne ce ta riƙe garejin, don shi Gildas ko sifana aka ce ya miƙo, filaya yake miƙowa. Amma a ɗora shi a kan sitiyari, sai dai ka riƙe baki. Da ƙananan motocin tseren yara ya fara, ya zo yana gwada wa wani kamfani sababbin motoci, har masu manyan motocin tsere suka koma nemansa a waya. Ya ci kofi a Beljiyam, ya ci a Italiya, ya je Japan ya dawo da wani da ya ƙi shiga kabad.

Abu ɗaya ne ya gagare shi, kuma a ƙofar gidansu yake: tseren awa ashirin da huɗu na Le Mans, wanda ake farawa ranar Asabar a gama ranar Lahadi. Ba ma ta cinyewa ake ba, gamawa kawai. Shekara da shekaru yana shiga, su uku suna karɓa-karɓar mota ɗaya, amma ko sau ɗaya motarsu ba ta kai ƙarshe ba. Wata shekarar inji ya kama da wuta, wata shekarar abokin tuƙinsa ya daki shinge tun shi bai taɓa motar ba. A gidan burodi tsokanarsa ake yi, wai mai son ganin Gildas a mota ya je ranar Asabar, don ranar Lahadi tare da shi za a yi kallo. Yakan yi dariya, amma ni na san abin yana cinsa.

Ni ɗaga wa direbobi tutar gargaɗi nake yi a tseren, aikin sa-kai, a kwanar da ke bayan ƙauyenmu. Shekarar da furfura ta gama cin kan Gildas ya ce wannan ce ta ƙarshe. Wata ƙaramar ƙungiya ta haɗa shi da samari biyu, shi kuma ya kafe sai an sa Maryvonne cikin makanikai.

Da hantsin Lahadi motarsu tana nan a raye, mu 'yan Arnage har mun fara kallon juna ba mai son ya furta. Sai ga ta ta taho ba ƙara, ta gangaro gefen ciyawa, ta tsaya a gabana. Dokar tseren kuwa ba ta san sabo ba: mota ta mutu a hanya, direba ne kaɗai zai gyara ta, da 'yan kayan da ke cikinta. Wani ya taɓa, an cire su daga tseren. Ya yi nisa da ita, an cire su. Wato dai Gildas ne da sifana, ga jami'in tsere a tsaye yana kallo.

Can sai ga Maryvonne a kan babur, ta jefar da shi tun bai tsaya ba, ta zo bakin shinge ta cusa hannuwanta biyu a aljihu don kada su ci amanarta.

"Buɗe bayan," ta ce. "Ba nan ba! Wannan ƙofa ce, Gildas, ta nan kake shiga."

"Yaya, na san ƙofa."

"To madalla, mun samu mafari. Famfon mai ne ba ya samun wuta. Nemi jar waya."

"Duk jajaye ne!"

"Don ka shafa musu jinin hannunka ne, sarkin gwaninta. Goge!"

'Yan kallo suka bar gashin namansu suka taru, kowa ya zama injiniya. Wani mai ƙaton ciki yana ta ihu wai a daki batir. Maryvonne ta juya ta ce, "Malam, je ka daki naka."

Gildas ya zura hannu ya taɓa salansa mai zafi. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Maryvonne ta ɗaga ƙafa za ta haye shingen, na cafke rigarta ta baya, ta zage ni tas, ban saki ba. Shi kuwa ya zauna a ciyawa riƙe da hannun, motoci suna wucewa kamar ana yaga zane.

"Ba zan iya ba, Yaya," ya ce. "Haka aka rubuta mini."

Na ɗauka za ta balbale shi da faɗa. Sai ta tsuguna, ta sassauta murya.

"Auta, dube ni. Ka san motar nan a duhu, cikin ruwan sama. Waya ɗaya ce tak. Tashi ka kama ta daga famfon, ka rufe ido, ka bi ta da yatsa. Ina nan."

Ya tashi. Ya bi ta a hankali har yatsansa ya faɗa inda ta tsinke. Ya feƙe bakin da haƙori, ya murɗa, ya naɗe da salatif, naɗin da ko ɗan koyo zai ji kunyarsa. Ya shiga ya danna maɓallin tayar da inji. Motar ta yi tari, ta sake yi, sannan ta ɗauka da rugugin da ya girgiza mini ƙirji. Kwanar ta kaure da ihu. Mai ƙaton cikin nan ya rungume ni, ban ma ture shi ba.

Da ya kai motar wurin makanikansu aka ɗaure masa hannu, samarin suka ja motar zuwa yamma. Da ya rage zagayen ƙarshe-ƙarshe suka ce ba wanda zai shiga sai shi. A zagayen ƙarshe mukan fito bakin titi mu kaɗa tutocinmu duka, kowane launi. Na sha yin haka, amma ranar ce na yi ina kuka, ban kuma ɓoye ba. Ya wuce mu ya ɗaga hannun nan mai bandeji. Can baya suka ƙare, ba kofi ba komai, amma sun ƙare.

Na hau keke na nufi inda ake killace motocin da suka gama don bincike. Har lokacin Gildas yana zaune a ciki da hular kwanonsa, kafaɗunsa suna rawa. Maryvonne tana bakin igiya, jami'i ya tare ta, wai makanikai ba sa taɓa mota sai an gama dubawa.

"Na ji, motar taku ce," ta ce. "Direban fa? Shi ma an hana?"

Jami'in ya dube ta, ya dubi Gildas, ya ɗaga igiyar. Ta shiga ta kwance masa bel ɗin kujera, ta cire masa hular, ta jawo kan ƙaninta ta rungume.