Hannun Yaya

Shekara ashirin da shida Yayanmu ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, amma har yau in ka tambayi dangi aikinsa, cewa za su yi leƙen madubi. Ba su yi ƙarya ba. Maganin hana jini daskarewa ake narkarwa a ɗan kwano, a rufe, a jira makonni har ya fitar da ƙwayoyin da ba su kai ƙwayar yashi ba. Shi ne mai sa ido a madubin nan mai ƙara girman abu, ya zaɓi wadda ba ta da tsaga, ya ɗauko ta da tsinken da bai kai gashi kauri ba, a kai wa na'ura ta fitar da siffarta. Farfesa ya rubuta takarda, sunan Yaya ya fito can ƙasa wajen godiya. Bai taɓa damuwa ba. Hannunsa yake ji da shi, ko guduma ba ya riƙewa a gida, wai kada yatsa ya lalace.

Da zuciyarsa ta fara bugawa ba bisa ƙa'ida ba, likita ya ce jini zai iya yin guda ya toshe masa jijiyar kai. Ya rubuta masa magani, sai ga shi wanda Yaya yake leƙawa ne kullum. Yaya ya sha dariya, wai yau abokin aiki ya zo gida.

Ai kuwa sanin nan ne ya cuce shi. Da ya ga jini a buroshin haƙori, sai ya yanke wa kansa cewa maganin ya yi yawa. Ya riƙa raba ƙwayar maganin biyu da reza, daidai wa daida, yana shan rabi, har yana nuna mini gwaninta. Na yi faɗa har bakina ya gaji.

"Ke dai yi shiru," in ji shi. "Likitan nan a takarda ya san shi. Ni fuskarsa na gani."

Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Haushinsa na ji kafin tausayi, ba zan ɓoye ba.

Wata bakwai yana tsintar maɓallai daga faranti zuwa kofi don motsa yatsu, matarsa na zubo masa su. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ɗingishi. Ya dage lallai a mai da shi aiki, ni na kai shi.

Farfesa ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka ajiye masa kwano a ƙarƙashin madubi. Yaya ya leƙa, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ɗauki tsinken. Ina tsaye a bayansa, ina ganin hannun yana karkarwa. Sau huɗu ya gwada, ya ajiye, ya yi wa kowa godiya.

A mota na fara ba shi baki, na ce ai maganin ne mai wuyar kamu.

"Ba magani ba ne, ƙanwata," ya ce yana kallon titi. "Gishiri suka zuba mini, kada in ɓata musu na gaske. Shi ma na kasa ɗauka."